Iska mai tsananin gudu daga cibiyoyin gungun taurari

Iska mai tsananin gudu iskar gas ce mai zafi ƙwarai da ke fitowa daga kewayen manyan baƙaƙen ramuka da ke tsakiyar wasu gungun taurari. Gudunta ya wuce kilomita 10,000 a daƙiƙa, wani lokaci yakan kai kashi 30 cikin 100 na saurin haske.

Ana gano ta ne da hasken eksire. Ƙwayoyin ƙarfe da ke cikinta suna shanye wani sashe na hasken, kuma gocewar alamar da suke bari ita ke nuna saurin iskar. Tun da sararin da ya lulluɓe duniya yana tare wannan haske, sai da tauraron ɗan'adam ake auna shi, kamar XMM-Newton na Turai da Chandra na Amurka, waɗanda aka harba a 1999, da XRISM na Japan a 2023.

Binciken Francesco Tombesi da abokan aikinsa a 2010 ya sami irin wannan iska a fiye da kashi ɗaya cikin uku na cibiyoyin gungun taurari 42 da suka duba. Fitaccen misalinta shi ne wadda ke fitowa daga cibiyar da ake kira PDS 456. Masana na ganin tana iya korar gas ɗin da taurari ke samuwa daga gare shi, ta rage haihuwar sababbi.