Sauya faifan ajiya a tsarin RAID

RAID tsari ne na haɗa faya-fayan ajiyar kwamfuta su yi aiki tare, domin kada bayanai su salwanta idan ɗaya ya lalace. Masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ne suka raɗa masa wannan suna a 1987.

Idan faifai ya fara gazawa, akan duba lambarsa a tabbatar, a zare shi, a sa sabo wanda bai gaza shi girma ba. Daga nan tsarin ke sake gina bayanan daga sauran faya-fayan, aikin da kan ɗauki sa'o'i, wani lokacin har kwanaki. Wannan ne lokaci mafi haɗari, domin wani faifan na iya mutuwa kafin a gama, kuma nau'in tsarin da ake kira RAID 5 mutuwar faifai ɗaya kacal yake jurewa, RAID 6 kuwa biyu.