Awon kaki: yadda ake rina ƙwayar tarin fuka don a gan ta

Ƙwayar da ke kawo tarin fuka ƙarama ce ƙwarai. Ido ba ya ganin ta. Ko a ƙarƙashin madubin likita ba ta fitowa sosai, domin ba ta da launi. Saboda haka sai an rina ta, kamar yadda marini yake rina farin ƙyalle.

Wani likita ɗan ƙasar Jamus, Robert Koch, shi ne ya gano wannan ƙwaya a shekarar 1882. Wasu likitoci biyu na Jamus, Ziehl da Neelsen, suka gyara hanyar rina ta. Har yau da sunansu ake kiran wannan rini.

Kakin da ake bukata

Aikin yana farawa daga hannun mai tari. Duk wanda ya yi sati 2 yana tari, ya kamata ya je awo. Za a ba shi ɗan gwangwani mai murfi. Ya fita fili inda iska take kaɗawa, nesa da mutane, ya ja numfashi sosai, ya yi tari daga ƙirji. Kaki mai kauri ake so, ba miyau ba. Ana karɓar kaki sau 2, kuma na sassafe ya fi kyau.

Shimfiɗa kaki

1. Ma'aikacin ɗakin awo yana rubuta lambar mai tari a kan sabon fallen gilashi.
2. Yana ɗibar wurin da ya fi kauri a cikin kakin, ya shafa a tsakiyar gilashin. Idan shafin ya yi kauri, haske ba zai ratsa ba. Idan ya yi ƙaranci, ƙwayoyin za su yi kaɗan.
3. Yana barin shi ya bushe da kansa, ba a rana ba.
4. Yana gilma gilashin a kan harshen wuta sau 3, don kakin ya manne, kada ruwa ya wanke shi.

Rini

1. Ana zuba jan rini, a ɗumama shi har ya fara tururi, ba tare da ya tafasa ba. A bar shi aƙalla minti 5. Ƙwayar tarin fuka tana da rufi mai maiƙo. Zafi ne yake sa rinin ya shige ta.
2. A ɗauraye da ruwa, a zuba ruwan asid. Asid yana cire ja daga komai, amma ƙwayar tarin fuka tana riƙe nata.
3. A sake ɗaurayewa, a zuba shuɗin rini na minti 1, a wanke, a bar shi ya bushe.

Dubawa

Ana ɗiga mai na musamman a kan gilashin, a duba da madubin da ke ƙara girman abu sau 1000. Ƙwayoyin suna bayyana kamar ƴan siraran sanduna ja a cikin shuɗi. Ma'aikaci yana duba aƙalla wuri 100 kafin ya rubuta cewa bai ga komai ba.

Abin da sakamako yake nufi

Idan an ga ƙwayar, mutum yana iya sa wa iyalinsa cutar, sai ya fara magani nan da nan. Maganin yana ɗaukar wata 6 ga yawancin mutane.

Idan ba a gani ba, wannan bai nuna babu cutar ba. Sai ƙwayoyin sun kai dubbai a cikin ɗan kaki kaɗan madubi yake kama su. In tari bai tsaya ba, a koma wurin likita.

A shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert, wadda ta fi madubi gano cutar. Inda take, da ita ake so a fara. Amma da madubi ake bin mai shan magani: ana sake awon kakinsa a ƙarshen wata na 2, da wata na 5, da ƙarshen magani. Ko tari ya lafa, kada a tsallake ɗaya daga cikinsu, domin su ne suke nuna ko magani yana aiki.