2.3 Wurno da Maƙwabtanta: Kafuwa da Mazauna

Wurno gari ne da ke bisa tudu, yana fuskantar fadamar gulbin Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya kafa shi a matsayin ribaɗi, domin kare Sakkwato daga hare-haren Gobirawa. A nan ya rasu a 1837, kuma hubbarensa ne babban abin ziyara a garin. Dabarar Bello ita ce zaunar da Fulani makiyaya tare da manoma, wanda a ganin wannan bincike shi ne tushen cakuɗuwar Fulani da Gobirawa da Adarawa a yankin. Rabah kuwa mahaifar Sardauna Ahmadu Bello ce, Goronyo ta shahara da madatsar ruwanta ta 1984. Sai dai hare-haren 'yan bindiga, irin na ƙauyukan Rabah a 2018, sun sanya masu ziyara ɗari-ɗari.