Ido Ba Mudu Ba: Tarihin Hukunci a Bakin Gadon Majinyaci

Wanda ya shiga ɗakin kula da masu mawuyacin hali a babban asibiti, abin da zai fara ɗaukar masa hankali shi ne na'urori: wannan tana zana bugun zuciya, waccan tana hura iska cikin huhu. Sai daga baya zai lura da ma'aikaciyar jinyar da ke tsaye tsakaninsu. Tarihi kuwa ya nuna cewa saboda ita aka gina ɗakin, domin dalilin tara majinyata wuri guda shi ne kada ido ya rabu da su. Hausawa sun ce ido ba mudu ba, ya san kima. Yadda wannan ido ya sami ilimi, sannan ya sami izinin yanke hukunci, tafiya ce ta fiye da shekara ɗari.

A watan Nuwamba na 1854 Florence Nightingale ta isa asibitin sojan Ingila da ke Sukutari, a gefen Istanbul, tare da mata 38, lokacin yaƙin Kirimiya. Ana danganta mata tsarin kwantar da waɗanda raunukansu suka fi tsanani kusa da mazaunin masu jinya. A littafin da ta fitar kan aikin jinya a 1859 ta ware babi guda ga lura da majinyaci: me za a duba, wace alama ce ta samun sauƙi, wacce ce ta taɓarɓarewa. Amma a zamaninta iyakar mai jinya ta gani ta faɗa. Hukunci na likita ne.

Darasi na biyu ya zo daga Kopenhagen, babban birnin Denmak, a 1952, sa'ad da annobar shan inna ta auka wa birnin. Mu nan mun fi sanin cutar da shanye ƙafa, amma takan kama tsokokin numfashi da na haɗiya, mutum ya nutse cikin majinarsa. Asibitin Blegdam, inda ake kai masu cutar, yana da babbar na'urar numfashi ɗaya tak, wadda ake kira huhun ƙarfe, da ƙanana guda shida. Cikin majinyata 31 na farko da numfashinsu ya shanye, 27 sun rasu.

Abin lura shi ne likitocin suna da awo a hannu. Gwajin jini ya nuna iskar kabon ta yi yawa, amma suka fassara sakamakon da cewa wata matsala ce ta sinadaran jini da ƙwayar cutar ta haddasa. Bjørn Ibsen, likita mai sa barci a ɗakin tiyata, ya dubi majinyatan kansu: zufa, hawan jini, fata mai danshi. Ya san waɗannan alamu daga tiyata, inda yake ganinsu ga wanda ba ya fitar da gurɓatacciyar iska yadda ya kamata. Ya ce mutanen nan ƙarancin numfashi ke kashe su. Ranar 27 ga Agusta aka ba shi wata yarinya 'yar shekara 12 da ke gab da mutuwa. Aka huda mata maƙogwaro aka sa bututu, ya ba ta maganin barci don jikinta ya saki, sannan ya riƙa matsa jakar roba da hannu yana tura mata iska. Launinta ya dawo. Lamba ɗaya ce a gaban kowa. Wanda ya haɗa ta da abin da idonsa ya gani shi ya karanta ta daidai.

Tun da babu na'urori, sai aka nemi hannaye. Ɗaliban likitanci da na haƙori kimanin 1,500 suka riƙa karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jaka, masu jinya na tsotse majina, suna juya majinyata, suna sa ido ga kowane canji. Mace-mace suka sauka daga kusan kashi 90 cikin ɗari zuwa wajen kashi 40, suka kuma ci gaba da raguwa. A 1953 Ibsen ya buɗe sashe na dindindin a asibitin gundumar Kopenhagen, wanda masana da yawa ke ɗauka a matsayin ɗakin kulawa ta musamman na farko a duniya.

Har zuwa nan, mai jinya mai gadi ce. Ciwon zuciya ne ya sauya matsayinta. A 1956 Paul Zoll ya nuna ana iya daidaita zuciyar da ta rikice da bugun lantarki ta saman ƙirji, a 1960 kuma masana a asibitin Johns Hopkins na Amurka suka bayyana dabarar danna ƙirji don jini ya ci gaba da zagayawa. Sai dai ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan kamar minti huɗu babu jini. Kafin a taso likita daga wani ɓangare, bakin alƙalami ya bushe. Hughes Day ya buɗe sashen masu ciwon zuciya a Kansas a 1962. A Filadelfiya kuma likita Lawrence Meltzer da ma'aikaciyar jinya Rose Pinneo suka koya wa masu jinya karanta zanen bugun zuciya da amfani da na'urar lantarki ba tare da jiran umarni ba, suka fitar da littafin jagora a 1965. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne a sana'ar da aka gina kan biyayya. Larura ce ta tilasta shi: wadda ke kusa ita ce kaɗai ke da lokaci.

Izini kuwa nauyi ne. Wadda ta buga lantarki ga zuciyar da ba ta buƙata, domin waya ta kwance daga ƙirji na'ura ta yi ƙarya, ta cutar da wanda ta zo ceto. Don haka aka daɗa zurfafa horo, aka kafa ƙungiyar masu jinyar wannan fanni a Amurka a 1969. A 1984 Patricia Benner ta bayyana matakai biyar da mai jinya ke hawa daga koyo zuwa ƙwarewa. Sabon shiga yana bin ƙa'ida ɗaya bayan ɗaya. Ƙwararriya tana ganin yanayin gaba ɗaya, har takan gane majinyaci ya fara zamewa kafin lambobi su tona.

Abin da tarihin nan ke nufi ga asibitocinmu a bayyane yake. Mukan auna ci gaban sashe da yawan na'urorin da aka sayo, alhali mutanen Blegdam sun ceci rayuka da jakar roba da hannaye masu juriya. Inda mai jinya ɗaya ke duba gadaje fiye da ƙima, ko take tsoron buɗe baki don kada a ce ta wuce gona da iri, mafi tsadar na'ura kuka kawai za ta yi ba mai ji. Da ƙarfe uku na dare, idan numfashin wani ya canza, rayuwarsa tana rataye ne ga abu uku: akwai wadda ke kallo, ta san abin da take gani, kuma an yarda ta yi aiki da saninta.