2.4 Tarihin Amfani da Magungunan Narkar da Gudan Jini Wajen Fitar da Ruwan Huhu

Wannan sashe zai bi diddigin yadda likitoci suka fara zuba magungunan narkar da gudan jini cikin ƙirji domin fitar da ruwan da ke taruwa tsakanin huhu da haƙarƙari. Irin wannan ruwa yakan biyo bayan ciwon namoniya. Idan ya jima sai ya zama mugunya, wasu zaruruwa irin na gudan jini su rarraba shi gida-gida, har bututun da aka sa wa majinyaci ya kasa zuƙo shi. Daga nan sai dai tiyata.

Asalin maganin ya faro ne a Amurka cikin shekarar 1933, lokacin da William Tillett da abokin aikinsa Garner suka gano cewa wasu ƙwayoyin cuta suna fitar da sinadarin da ke narkar da gudan jini, wanda daga baya aka raɗa wa suna sitireftokinas. A 1949 Tillett da Sol Sherry suka zuba shi cikin ƙirjin majinyata tare da wani sinadari na biyu, sitireftodonas, mai tsinka kaurin mugunya. Sai dai maganin wancan zamani ba a tace shi sosai ba, yakan jawo zazzaɓi, don haka likitoci suka ja baya.

Bayan da aka samu tataccen sitireftokinas, an sake komawa kansa a shekarun 1970, amma galibi shi kaɗai. Rahotannin da suka yaba masa duk na majinyata kaɗan ne. A 2005 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Birtaniya mai majinyata 454, wanda ya nuna cewa maganin bai rage mace-mace ko buƙatar tiyata ba.

Wannan ya sa masana suka waiwayi dabarar 1949. A gwajin da aka wallafa cikin 2011, mai majinyata 210, an haɗa altifilas mai narkar da zaruruwa da donas mai tsinka mugunya, sau biyu a rana har kwana 3. Waɗanda aka tura tiyata kashi 4 ne cikin ɗari, alhali a rukunin da ba a ba maganin ba kashi 16 ne. Zaman asibiti ma ya ragu da kusan mako guda. Kowane ɗaya daga cikin magungunan, idan aka ba da shi shi kaɗai, bai yi wannan amfani ba.

Bisa ga wannan, za a iya cewa dabarar Tillett da Sherry ta haɗa sinadarai biyu daidai take tun farko. Abin da ya ɗauki shekara 62 shi ne samun tataccen magani da kuma gwajin da zai tabbatar da ita.