Riga da Fuska: Tsarin Hoton Manya a Birnin Kano

Duk wanda ya duba tsofaffin hotunan da ke Gidan Makama, ko na sarakunan Kano tun daga Sarki Abbas, wanda Turawa suka naɗa a 1903, zuwa Abdullahi Bayero (1926-1953), zai lura da abu guda: riga ta fi fuska samun fili. Basarake yana zaune ko tsaye, ya fuskanci kyamara sosai, an ɗauke shi daga rawani har takalmi, amawali kuwa ya rufe haɓa da baki. Ba rashin gwanintar masu ɗauka ya jawo haka ba. Dalilan biyu ne, na al'ada da na haske.

A Turai mai hoto yakan karkata mutum kaɗan, ya haskaka gefe ɗaya na fuska, don a nan yake neman halinsa. A Kano kuwa muƙami ake son a gani, kuma a jikin tufa yake: kunnuwan rawani, alkyabba, da aikin aska takwas da ke gaban riga, wanda karkatawa za ta ɓoye rabinsa. Haka kuma tsarin zama. Babba a tsakiya bisa abin zama, fadawa a ƙasa, dogarai a tsaye. Mai hoto bai ƙago wannan tsari ba, a fada ya tarar da shi.

Batun haske ya fi wuya. Sorayen birni na ƙasa ne, masu kaurin bango da 'yan tagogi ƙanana, saboda haka dole a fito waje. A waje kuma ranar tsaka tana jefa inuwar rawani a kan idanu. Ga farar riga kusa da baƙar fata: in aka auna haske don riga, fuska ta dushe, in don fuska, aikin riga ya wanke. Bugu da ƙari, gilashin ɗaukar hoto da aka fi amfani da shi a farkon ƙarni na 20 ba ya jin launin ja, watau jar rigar dogari takan fito baƙa, fatar mutum ma ta fi yadda take duhu. Rawani ɗan Kura da kore, waɗanda suka sha bugu, sukan mayar da haske kamar madubi.

Maganin kuwa yana nan cikin birnin. Bakin zaure da hantsi ko da la'asar yana ba da haske mai taushi daga gefe guda, duhun ciki ya zama bango. Hazon hunturu, da kowa ke kuka da shi, yana tace rana ya kashe inuwa. Irin wannan hasken tsakar gida Seydou Keïta ya dogara da shi a Bamako daga 1948. A ganinmu, ɗalibin hoto na yau zai fi ƙaruwa da awa ɗaya a ƙofar wani zaure a Yakasai ko Dala fiye da sayen sabuwar fitila.