Inuwa a Huhu: Tarihin Cututtukan da ke Kama da Ciwon Daji

A ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, idan tari ya daɗe, mutum ya rame har yana tofar da jini, zato biyu ake yi: tarin fuka ko ciwon daji. Akwai kuma wasu cututtukan huhu da ba kasafai ake gani ba, masu kama da waɗannan biyun, amma suna warkewa.

Daga shanu aka fara saninsu. A 1877 Otto Bollinger, likitan Jamus, ya binciki wani kumburi mai tauri a muƙamuƙin shanu, wanda a da ake ɗauka tsiron daji ne, ya tarar ƙwayar cuta ce ke haddasa shi. Aka kira ta Actinomyces. A 1878 James Israel ya same ta a jikin ɗan Adam. An jima ana zaton daga tauna kara ko ciyawa ake ɗaukarta, sai daga baya aka gane a bakin mutum take zaune. Idan haƙora suka ruɓe takan gangara huhu, ta yi dunƙule har ta ci ƙirji.

Ta biyun Edmond Nocard, likitan dabbobi na Faransa, ya gano ta a 1888 a jikin shanun tsibirin Gwadalup, shi ya sa ake ce mata Nocardia. Ita a cikin ƙasa take rayuwa, ana shaƙarta tare da ƙura. Ta fi kama wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai cutar sida.

Hoton ƙirji, wanda ya biyo bayan hasken da Röntgen ya gano a 1895, bai raba gardama ba, domin inuwa kaɗai yake nunawa, inuwar kuwa iri ɗaya ce. Sau da yawa a Turai an fiɗe maras lafiya an cire sashen huhunsa a kan daji ne, kafin a ga ƙwayar cuta ce. Ita Nocardia a madubin bincike takan ɗauki launi kamar ƙwayar tarin fuka.

Tun shekarun 1940 magani ya samu. Fenisilin na kashe ta farkon idan an sha watanni 6 zuwa 12. Ta biyun kuma kotirimozazol, wanda ake samu a gidajen likita na karkara.

Hatsarin a ƙasarmu shi ne yanke ƙauna. Idan maganin tarin fuka na watanni 6 bai yi aiki ba, dangi kan ce daji ne, su mai da mutum gida. Hakkin malamai da ƙungiyoyi ne su sanar da jama'a cewa sai an koma likita, a Maraɗi ko Yamai, an auna kaki ko an tsakuri naman wurin an duba, sannan a san sunan cutar.